Inda Kuɗin Karatun Yake: Nasiha ga Masu Neman Tallafi a Ƙasashen Waje

Ƙannena maza da mata, waɗanda kuka gama sakandare da waɗanda kuke shirin zana WAEC, duk wanda ya taso da maganar karatu a waje kusan da tambaya iri ɗaya yake farawa. Wace jami'a ce ta fi suna? Wace ƙasa ce bizarta ba ta da wuya? Wa ya san wanda zai yi mana hanya? Ba a nan gizo yake saƙar ba. Ɗan talaka, ko ɗan ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne: wace makaranta ce take da dukiya tata ta kanta, kuma ta saba kashe ta a kan 'ya'yan wasu ƙasashe? Amsar tana nan a rubuce da alƙaluma. Makarantun da kansu suke wallafa ta, ba a kuma biyan ko kwabo kafin a karanta. Zan fi tsayawa a kan Amurka, domin a can ne irin wannan tallafi ya fi kauri ga mai neman digiri na farko, sannan in leƙa wasu ƙasashen.

Mu fara da farashi, don kowa ya san nauyin kayan da yake shirin ɗauka. Manyan makarantu masu zaman kansu a Amurka, idan aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, shekara ɗaya tana cin kusan dala 90,000. A canjin naira 1,500, naira miliyan 135 ke nan, kuma shekara huɗu ake yi. To, a ce wata makaranta mai cin dala 60,000 ta aiko maka da takarda mai ado, tana taya ka murna, ta ba ka tallafin dala 25,000 duk shekara. Gida ya kaure da guɗa, an yi waya har ƙauye. Sai an natsu a ga saura dala 35,000 a wuyan Baba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Wannan daidai yake da dillalin mota ya rage wa wanda ba shi da kuɗin keke miliyan biyar. Girman abin da aka ba ka ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ya rage bayan an ba ka, shi ne.

Tallafin iri biyu ne, wanda bai bambance su ba kuwa zai sha wahalar banza. Akwai na ƙwazo: an ga sakamakonka an yaba, an yafe maka wani kaso na kuɗin makaranta, ba wanda ya tambayi halin da gidanku yake ciki. Akwai kuma na buƙata: makaranta ta lissafa abin da shekara take ci, ta duba abin da iyayenka za su iya kawowa, ta cike sauran. Na farkon ne ake yawan tallatawa, shi ne yake cika akwatin imel ɗin duk wanda ya taɓa rajistar jarrabawar SAT. Na biyun ne yake kai ɗan malamin firamare ko 'yar mai sayar da hatsi har cikin aji.

Gwamnatin Amurka ba ita take biya ba. Tallafinta na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, don haka fom ɗin nan da ake kira FAFSA bai shafe ka ba. Jami'o'in jihohi kuma da harajin mutanen jiha ake tafiyar da su, baƙo a wurinsu mai kawo kuɗi ne, har ninki biyu ko uku ake cajinsa a kan ɗan jiha. Kuɗin da kuke nema daga waƙafi suke fitowa, wato dukiyar da tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni suka riƙa ba makaranta shekara da shekaru, ana juya ta, ana kashe wani ɓangare na abin da ta haifa. Waƙafin Harvard ya haura dala biliyan 50. Shi ya sa a 2025 ta iya cewa duk ɗalibin da abin da gidansu ke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ba zai biya komai ba, har ɗaki da abinci. Ku auna da kanku gidaje nawa ne a unguwarku suke ganin irin wannan kuɗi a shekara.

Sai dai akwai maganar da ba zan ɓoye muku ba tun kafin mu yi nisa. A watan Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta rufe ƙofa ga 'yan ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan. A Disambar shekarar aka faɗaɗa jerin: Nijar ta shiga cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, Najeriya kuma aka dakatar da wasu nau'o'in biza ga 'yan ƙasarta, har da ta ɗalibai, daga 1 ga Janairun 2026. Ba ƙaramin koma baya ba ne, idan aka tuna cewa a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 'yan Najeriya sama da 20,000 ne suke karatu a can. Irin wannan doka da sa hannun mutum ɗaya take zuwa, da sa hannun mutum ɗaya take tashi. An saka Chadi a irin wannan jeri a 2017 aka cire ta a 2018, kuma a 2021 an soke takunkumin da aka ɗora wa Najeriya a 2020. Saboda haka kafin ka kashe sisi, buɗe shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarku ka ga inda aka kwana a ranar. Ghana da Kamaru ba sa cikin waɗancan jerin biyu. Wanda yake aji huɗu ko biyar na sakandare yana da shekara biyu a gabansa, shirin kuma ba ya ɓaci, domin da shi ake ƙwanƙwasa ƙofofin wasu ƙasashen.

Makarantun da suke ba baƙi tallafin buƙata sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu rufe ido ga aljihu: mai duba takardunka bai san ko kana da kuɗi ko ba ka da su ba, in an ɗauke ka kuma sai a cike maka duk abin da ka gaza. 'Yan kaɗan ne. Shekaru da dama biyar ne kawai: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, sannan Brown da Notre Dame da Washington and Lee suka biyo baya ga masu shiga daga 2025. Kowa ya ji wannan sai ya ce ai shi ke nan, can zan nema. Nemi, ban hana ka ba. Amma ka sani duniya kaf can ta nufa. Harvard da Yale da Princeton da MIT, cikin mutum ɗari da suka nema huɗu ne ko biyar suke samu, kuma rabon baƙi ya fi haka ƙanƙanta. Wanda ya jera sunayen nan goma kawai ya koma gefe yana jira, sa'a yake gwadawa, ba shiri ya yi ba.

Gida na biyu ya fi faɗi, kuma nan ne nake so ku fi ba ƙarfi. Su waɗannan suna leƙa aljihu kafin su ɗauka, domin kuɗin da suka ware wa baƙi yana da iyaka. Mai buƙatar tallafi cikakke gasarsa ta fi zafi a kan wanda zai biya rabi. Amma in suka ce maka zo, sun ɗauki nauyin cike giɓin har shekara huɗu. Stanford da Columbia da Duke da Chicago nan suke. Nan kuma akwai tarin ƙananan kwalejoji da yawancin mutanenmu ba su taɓa jin sunansu ba: Williams, Swarthmore, Pomona, Colby, Middlebury, Carleton, Grinnell, Davidson, Vassar, Macalester. Kada kalmar kwaleji ta sa ku raina su, digiri suke bayarwa irin na kowace jami'a. Ɗalibansu ba su cika wuce dubu biyu zuwa uku ba, aji ɗaya mutum goma sha ne ko ashirin, farfesa ya san sunanka ya san ranar da ba ka zo ba. Kofi Annan a Macalester ya gama digirinsa a 1961. Grinnell tana wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Iowa, gonakin masara sun kewaye ta, amma kusan ɗaya cikin biyar na ɗalibanta daga ƙasashen waje suke, kuma waƙafinta ya fi na jami'o'i da dama da suka ninka ta girma.

Ƙannena mata, akwai kwalejojin da mata zalla suke ɗauka, kuma suna cikin masu sakin hannu: Wellesley, Smith, Mount Holyoke, Bryn Mawr, Barnard. Ba makarantun addini ba ne, kada a yi musu wannan zato, al'adar wurin ta Amurkawa ce. Duk da haka iyaye da yawa da za su ce a'a tun kafin a gama magana, sukan tsaya su saurara in aka ce makarantar ta mata ce.

To, ta yaya za ka san makaranta da gaske take, ba daɗin baki ba? Yawancinsu suna cike wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. Rubuta sunan makarantar a Google tare da waɗannan kalmomi uku, takardar za ta fito, shafi talatin ko fiye, duk jadawali. Kada yawanta ya tsorata ka. Gangara sashen H, ka nemi lamba H6. Layuka uku ne suke da amfani a wurin: baƙi nawa makarantar ta ba tallafi daga aljihunta a shekarar, nawa kowannensu ya samu a matsakaici, nawa ne jimillar abin da ta kashe. Daga nan koma sama zuwa B2, layin farko zai nuna maka yawan baƙin da ke makarantar gaba ɗaya. Sai G1, inda aka rubuta kuɗin karatu da ɗaki da abinci.

Yanzu sai lissafin ɗan aji uku. A ce makaranta tana da baƙi 200, ta ba 130 tallafi, matsakaicinsa dala 72,000, shekara kuma tana cin 85,000. Wannan gidan masu kyauta ne, rubuta sunanta. A ce wata tana da baƙi 3,000, ta ba 1,500, matsakaici dala 14,000, shekara tana cin 60,000. Wannan ragin kasuwa take yi don jawo masu biya, wuce ta ko da sunanta ya cika duniya. Wata ma za ka tarar H6 ɗin fayau, ba ko lamba ɗaya. Ta ba ka amsa ke nan. Sayi littafin rubutu na musamman, ka ja layuka: suna, baƙi nawa, nawa aka ba, matsakaici, kuɗin shekara, ranar rufe nema, ko ana buƙatar SAT. Makarantu arba'in ko hamsin za ka bi ta kansu a haka kafin ka tace goma sha biyar zuwa ashirin. Datar da za ka ƙona a kan wannan ba ta kai ta kallon ƙwallo na mako ɗaya ba, kuma in ka gama ka fi yawancin masu kiran kansu ejan sanin harkar.

Akwai wata makaranta da ta fita daban, ta cancanci a ambace ta ita kaɗai: Berea, a jihar Kentucky. An kafa ta a 1855, kuma tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibi. Talakawa kawai take ɗauka, ɗan mai kuɗi ko ya nema ba za a ba shi ba. Kowane ɗalibi yana yin aikin akalla awa 10 a mako a cikin makarantar, wani a ɗakin karatu, wani a gona, wani a wurin saƙa ko sassaƙa, ana biyansa. Baƙon da ta ɗauka, shekarar farko ta ɗauke masa karatu da ɗaki da abinci, daga baya ana sa ran ya riƙa tara wani abu daga aikin hutu yana taimakawa. Baƙin da take ɗauka a shekara 'yan gomomi ne daga duniya baki ɗaya, kuma akwai kuɗin ajiya da ake nema kafin a iso.

Da ka gama tace sunaye, sai maganar fom. Neman gurbi yawanci ta Common App ake yi, manhaja ɗaya da za ka iya aika wa makarantu har 20, tana buɗewa ranar 1 ga Agusta. Neman tallafi kuwa fom ɗinsa daban, mafi yawa CSS Profile ne, dala 25 makaranta ta farko, 16 kowace ƙari. Wasu makarantun suna ba baƙi lambar yafiya in an roƙa, wasu suna karɓar wani fom na kyauta a madadinsa, Princeton ma nata gare ta kuma ba a biya. Kuɗin neman gurbin kansa yakan kai dala 70 zuwa 90, amma a cikin Common App akwai wurin da za ka nuna ba ka da hali, shugaban makarantarku ko malamin da ya tsaya maka ya tabbatar, a yafe. Colby, Carleton, Grinnell, Smith da Wellesley ba sa ma karɓa tun asali. Rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai wasiƙa gajera cikin ladabi ka ce kuɗin fom ya fi ƙarfinka. Ba abin kunya ba ne, kullum suna samun irinta.

Fom ɗin tallafin zai shiga cikin gidanku fiye da yadda aka saba. Nawa Baba yake samu, nawa Inna take samu, gidan da kuke ciki naku ne ko haya, nawa zai yi in an sayar, akwai gona, akwai shago, akwai ajiya a banki, mutum nawa ke ci daga tukunyar, nawa ne ke makaranta. A al'adarmu yaro ba ya tambayar mahaifinsa abin da yake samu, shi ya sa nake cewa kada ka bari sai saura kwana uku a rufe sannan ka tunkare shi. Tun da wuri ka samu wani kawu ko yaya da yake jin maganarsa, a zauna a yi masa bayani. Ma'aikacin gwamnati nasa mai sauƙi ne, akwai takardar albashi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko manomin da sai kaka yake ganin kuɗi, sai a zauna a ƙiyasta abin da ya shigo a shekara da gaskiya, a haɗa da bayanan banki in akwai, a rubuta takarda a sa hannu. Da kuɗin ƙasarku za ku cike, ba sai kun juya zuwa dala ba. Akwai fili a ƙarshe na ƙarin bayani, kada ka bar shi haka. Wanda zai karanta bai san gidan da mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha biyar da kaka da marayun ɗan'uwa suke rataye a wuyan mutum ɗaya ba. In ba ka faɗa ba, zai auna ku da ma'aunin gida mai mutum huɗu. In iyaye sun rabu, yawanci ana neman bayanin kowannensu. In ɗayan ya ɓace daga rayuwarka, akwai takardar neman a ɗauke maka wannan.

Ƙarya a nan ta fuska biyu take zuwa, kuma duka biyun ramin kai ne. Wani zai ɓoye dukiya, a gano, a janye gurbin. Wani kuma, da ya ji ana leƙa aljihu, sai ya rubuta cewa gidansu za su iya kawo dala 15,000 alhali ko 2,000 ba za su iya ba, wai in ya shiga ya san yadda zai yi. Ba zai ma shiga ba, domin kafin makaranta ta ba da takardar I-20 da ake neman biza da ita, sai an nuna shaidar kuɗin a banki. Mafi muni shi ne wanda ya ce ba ya buƙatar tallafi sam. A yawancin makarantun nan, baƙon da bai nema ba lokacin shiga ya rufe wa kansa ƙofar har ya gama.

Ga wani tarko da ya fi kama 'yan Najeriya. Ka ci JAMB, ka samu gurbi a gida, ka yi shekara ɗaya ko biyu, sannan tunanin waje ya zo. Makarantu da yawa a Amurka ba za su ɗauke ka sabon ɗalibi ba kuma, mai sauya makaranta za su kira ka, tallafin baƙi a wannan layi kuwa ɗan mitsitsi ne, wani wurin babu shi sam. Kowace da ƙa'idarta, don haka tambaye su a rubuce. Ban ce ka ƙi gurbin da ke hannu saboda wanda ke sama ba. In ka riga ka yi nisa, ƙarasa da sakamako mai kyau ka nemi digiri na biyu, inda tallafi irin su Chevening da Commonwealth na Birtaniya suke. Haka mai burin likitanci ko lauya: a Amurka ba a shiga waɗannan daga sakandare, sai bayan digiri na farko, kuma tallafinsu ga baƙo wuya gare shi.

Sauran kayan neman ba zan daɗe a kansu ba. Sakamako mai ƙarfi tun daga aji uku, ba WAEC kaɗai ba. SAT, wadda MIT ta dawo da wajabcinta a 2022, wasu manyan suka bi sahu a 2024. Darussanta suna nan kyauta a Khan Academy. Rubutu a kan kanka wanda bai wuce kalma 650 ba, kuma ka rubuta abinka da hannunka, a kan rayuwar da ka sani, ko kiwon da kake yi ne ko koyar da ƙanne a makarantar dare. Wasiƙun malamai: nemi wanda ya san ka a aji, ba mai babban muƙami ba, ka roƙe shi ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba layi uku na cewa yaro ne mai ladabi ba. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da WAEC da takardar makaranta, kada nan Muhammad can Mohammed, nan sunan uba can sunan gari. Neman da ake yi da wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, amsa ta fito ƙarshen Maris, kai kuma ka ba da taka kafin 1 ga Mayu.

Duk wannan ba inda ejan ya shigo. Babu mai sayar da gurbi a makarantun nan, babu mai ɗan'uwa a ciki da zai tura fayil. Wanda ya ce kawo dubu ɗari biyar sikolashif ya tabbata, kuɗinka ne suka tabbata a aljihunsa. Cibiyoyin EducationUSA, irin na Abuja da Legas da Accra da Kumasi da Yaounde, aikinsu ke nan ba da shawara, kuma ba wata makaranta suke yi wa talla ba.

Ma'aunin nan da shi za ku auna kowace ƙasa: wa yake biya, me ya ɗauke, me ya bari. Shirin Mastercard Foundation, wanda aka fara a 2012 don matasan Afirka, yana ɗauke karatu da masauki da tafiya, amma ba gidauniyar ake rubuta wa ba, jami'ar da ke cikin shirin ake nema kai tsaye. Ashesi da KNUST a Ghana, Makerere a Uganda, Cape Town da Pretoria a Afirka ta Kudu, da wasu a Kanada da Birtaniya duk sun kasance a ciki, sai dai wasunsu digiri na biyu kawai suke bayarwa. Kada ku raina na cikin Afirka, ba dusar ƙanƙara ce take sa digiri ya yi albarka ba. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu: karatu, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi, kuɗin kashewa, da shekara guda ta koyon Turkanci, mai neman digiri na farko kada ya kai shekara 21, makinsa kashi 70 cikin ɗari, likitanci kashi 90. Jami'ar Toronto tana da tallafin Lester B. Pearson, mutum kusan 37 a shekara, kuma sai makarantarku ta sakandare ta gabatar da kai, don haka shugabanta za ka fara gani. NYU Abu Dhabi, da aka buɗe a 2010, ta Common App ake nemanta, tana kuma da hannu sake. Jami'ar Musulunci ta Madina ba sai na gabatar muku da ita ba, malamanmu da yawa can suka yi. Jamus kuwa ana ta cewa kyauta ce. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma kafin biza sai ka nuna kusan yuro 12,000 na ci da sha na shekara, yawanci a asusun da aka kulle, jihar Baden-Württemberg kuma tana cajin baƙi yuro 1,500 kowane zango.

In Allah ya sa amsa ta zo da alheri, kada murna ta hana ka karanta takardar tallafin layi-layi. Abu uku ake haɗawa a ciki a kira su tallafi. Akwai kyauta, wadda ba a biya. Akwai aiki a cikin makaranta, wanda sai ka yi shi za ka ga kuɗin, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Akwai kuma bashi, wanda yawanci da ruwa yake, ga nauyin biyan dala da albashin naira ko sefa, ga abin da addini ya ce a kan riba. Princeton ta cire bashi daga tallafinta tun 2001, Amherst da Williams da Bowdoin da Colby da Grinnell ma kyauta suke sawa a gurbinsa. In ka ga bashi a taka takardar, cire shi daga lissafi ka ga abin da ya rage.

Daga nan sai ka tambayi abin da takardar ta yi shiru a kai. Inshorar lafiya wajibi ce kuma takan kai dala dubu biyu zuwa huɗu a shekara: tana ciki? Tikitin zuwa fa? Kuɗin rajistar ɗalibi ta SEVIS dala 350 da na biza dala 185, wa zai biya? Rigunan sanyi da kwamfuta? Lokacin hutun Disamba, in an rufe ɗakin cin abinci kowa ya tafi gida, ina za ka kwana, me za ka ci? Tallafin zai ƙaru in kuɗin makaranta ya ƙaru? Akwai makin da in ka faɗo ƙasa da shi za a janye? Nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar ka tambaye su abincin halal da wurin Juma'a da yadda ake yi da azumi, su ne za su gaya maka abin da ba a rubuta ba. In bayan duk lissafi akwai giɓin da gidanku ba za su iya ba, rubuta wa ofishin tallafi ka nemi a sake dubawa. Kawo hujja: faɗuwar naira tun ranar da ka cike fom, rashin lafiya, ritayar mahaifi, ko takardar wata makaranta da ta ba ka fiye da haka. In kuma biza ce ta tsaya, tambaye su a rubuce ko za su ajiye maka gurbin da tallafinsa zuwa baɗi, ka adana amsar da suka ba ka.